Sallama a Ƙofar Ƙaguwa

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma kai mai karatu kana ciki. Kai ne ka gan mu ka kau da kai.

Wai mun je hutu bakin teku, mu da kududdufin unguwa ne iyakar ruwanmu. Aka ce ƙaguwa za mu kama. Inna ta ɗora tukunya. Ta taho da katangar ɗakinta a ka, wadda damina ta riga ta ci wa gindi, ta sauke ta a kan yashi.

Baba ya tsuguna a bakin wani rami, ya yi sallama.

Na ce, "Baba, haƙawa ake yi."

"Kai ɗan boko, a garin wa ake faɗa wa mutum gida ba sallama?"

Muka jira. Rana ta faɗi ta gabas, ta sake fitowa. Can wata ƙaguwa ta leƙo sanye da tabarau, ta ce maigidan ya tafi taro, mu dawo Litinin. Baba ya yi godiya, ya matsa rami na gaba.

Ƙanwata Talatu ta jefa kwando cikin ruwa, ta jawo ledoji. Ta sake jefawa, sai ga silifas ɗin Baba da ya tsinke bara.

Ta ce, "Yaya, tekun nan fa ya san mu."

Sai hadari ya haɗu a ƙarƙashin ƙafafunmu, ruwa ya soma zuba zuwa sama. Teku ya matso har gindin katangar. Inna ta tallafe ta da hannu ɗaya, ɗayan yana juya tukunyar da babu komai a ciki.

"Malam, katangata!"

"Yi haƙuri mana. Ba an ce Litinin ba?"

A lokacin ka zo wucewa, ka tsotse ledar ruwanka, ka jefar. Ka ce, "Allah ya kyauta." Na buɗe baki in kira ka, gajiya ta hana ni.

Ƙarar kwano a kan siminti ta tashe ni. Inna ce ke kwarfe ruwa daga ɗakinta. Kwatar layinmu ta sake toshewa, kuma katangar nan ba za ta ɗauki wani ruwan ba.

Na gaji da jiran Litinin. Ranar Asabar da an idar da sallar asuba, ɗauko shebur ka same ni bakin kwatar. Ba sai ka yi mata sallama ba.