Sunaye Uku da Aka Cire

Masaƙar ta cika shekara hamsin, sai manaja ya ce a gina bango, a manna sunan duk wanda ya taɓa aiki a cikinta, kowa da ɗan tayil ɗinsa. Sunaye dubu goma da ɗari huɗu da uku. Aka ba wani magini da ake kira Mai Tayil aikin, da sharaɗi guda: layuka su zo daidai wa daida, ba giɓi, ba ragowa.

Nan fa ake yin ta. Ya raba biyu, ɗaya ya rage. Ya raba uku, biyu suka rage. Da bakwai kamar za ta yiwu, sai ga ɗaya ya yi tsaye kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Kwana huɗu yana zaune a kan buhun siminti yana danna waya, duk bayan kwalayen tayil ya cika da lissafi. Haushi ya ishe shi, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Matarsa ta ce, "Ba ga ƙanwarka malamar lissafi ba? Kira ta mana."

"Wadda na goya? Allah ya kiyaye!"

Da ya kai ɗari, uku suka rage, sai ya jefar da fensir. Ya yanke cewa lambar nan irin mai taurin kan nan ce da ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da ita kanta. To, a cire uku: layi ɗari da huɗu, kowanne suna ɗari, wa zai ƙirga? Ya zaɓi sunayen ma'aikata biyu da suka yi sati ɗaya kacal suka gudu. Na ukun ne ya hana shi sakat, don kowane suna yana da mai zuwa nemansa. A ƙarshe ya ɗauki na mahaifinsa, marigayi, wanda ya yi shekara talatin a kan injin saƙa. Wannan dai in an yi ƙorafi, a gida za a yi. Ya sa tayil ɗin a aljihu, ransa a ɓace, ya kwaɓa siminti.

Ranar buɗewa ƙanwar ta zo riƙe da hannun mahaifiyarsu. Tsohuwa ba ta karatu, ta ce a nuna mata wurin sunan mijinta ta shafa.

Ya ja ƙanwar gefe ya faɗa mata gaskiya. "Lambar ce ba ta rabuwa. Na gwada har ɗari."

Ta yi lissafi a ka, leɓɓanta na motsi. "Yaya, ɗari da ɗaya sau ɗari da uku ne. Saura taku ɗaya ka tsaya."

Siminti ya riga ya bushe. Tsohuwa kuwa tana tsaye a gaban bango, hannunta a sama.

"Ku fa nake jira," in ji ta. "Ina babanku yake?"