Magini Ya Ƙi Huji

Shekara huɗu likitan ƙashi ya yi a ɗakin bincike yana haɗa wani farin abu mai kama da soso, wanda ake sawa a gurbin ƙashin da ya ruguje don sabo ya tsiro a ciki. Manyan farfesoshi sun tafa masa. Amma yau, a gaban gado mai lamba tara, gumi yake ta sharcewa, domin mai gadon tsohon magini ne, kuma mahaifin Auta, wadda in ta kalli likitan sunayen ƙasusuwa ma ɓace masa suke yi.

Daga bene tsohon ya faɗo, ƙashin ƙaurinsa ya yi giɓi. In bai sa hannu an yi aikin ba, sai yanke ƙafa.

Tsohon ya karɓi samfurin farin abun, ya ɗaga shi saitin taga, ya hango haske ta ciki.

"Wa ya kwaɓa wannan?"

"Ni ne, Baba."

"An cuce ka a siminti. Shekara arba'in ina korar lebura a kan kankare mai huji, yanzu shi za ka zuba min a ƙafa?"

Likita ya gyara murya, ya ɗauko jawabin da ya yi wa farfesoshi, har da alƙaluma. Tsohon ya bari sai da ya gama, sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Wannan ne kika ce yana da hankali?"

Likita ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ga ƙafa za ta tafi, ga Auta za ta bi ta.

"Baba," in ji Auta, "in za ka zuba kankaren bene, me kake fara kafawa?"

"Katako."

"In ya bushe fa?"

"A cire."

"To wannan ma katako ne. Jini ya bi ta hujin, ƙashi ya cike wurin, shi kuma ya narke."

"To wa ke ginin?"

"Jikinka, Baba," likita ya ce a hankali.

Tsohon ya daɗe yana duban ƙafarsa.

"Wannan na san aikinsa. Akwai shi da jinkiri, amma ba ya ha'inci. Ashe kai kafinta ne, yaro, kake ta wahalar da mu da Turanci. Miƙo biro."

Ya sa hannu, amma bai saki takardar ba.

"Sai dai kada ku sa ni barci. Ban taɓa barin kafinta shi kaɗai a wurin aiki ba."