Bango Ɗaya Tsakaninsu

Tela yana tsakiyar kafa aljihun riga muryar Baba Eriya ta sake kutsowa cikin rediyonsa, ta danne waƙar da yake ji. Ya ja tsaki. Shekara tara ke nan ana wannan abu. Bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da ɗakin tsohon, kuma duk sanda tsohon ya danna makirfo, dole Tela ya sha lambobi da Turanci, ko yana so ko ba ya so.

Baba Eriya tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Da ya ajiye aiki sai ya kakkafa ƙarafa a kan rufi, ya cika ɗaki da na'urorin magana da mutanen nesa. Masu irin wannan sha'awa suna da wani shafi a kwamfuta: duk wanda ya kamo tasha mai nisa sai ya rubuta nan take, ga wane a mita kaza, sauran su yi caa a kansa.

"Da na buɗe baki, minti biyu duniya ta sani," ya taɓa gaya wa Tela.

"Duniya ta sani, mu kuma labarai su gagare mu ji," in ji Tela. Tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma a tsaitsaye.

Yau muryar ta fito wani iri. Tsohon ya faɗi lambar tasharsa, ya maimaita, ya tsaya a rabi. Sai numfashi mai nauyi. Tela ya ɗaga ƙafa daga keke, ya kasa kunne. Agogon bango ya nuna sha ɗaya saura kwata, ga mai riga yana nan tafe.

"Wani sabon salo kuma," ya ce. Ya kashe rediyon, ya ci gaba da ɗinki.

Ƙarfe ɗaya da rabi 'yar tsohon ta kawo masa abinci, kamar kullum. Ba ta yi ihu ba. Leƙo shagon kawai ta yi.

"Kawu Tela, zo ka taya ni ɗaga Baba."

Sun same shi kife a kan tebur, ƙirjinsa ya danne maɓallin makirfo, tabarau ɗinsa a ƙasa. Jiki ya fara sanyi. Suka kwantar da shi a kan gado, ta rufe shi da zanenta. Sai idonta ya kai kan kwamfutar, ta matsa, ta shiga karantawa tana fassarawa, yatsanta na bin layukan.

"Sha ɗaya saura kwata. Wani ya rubuta, muryarsa ba daidai take ba. Wannan ya ce kowa ya daina kira, a saurara. Wannan kuma daga ƙetaren teku yake, ya ce akwai wanda ke kusa da shi?" Ta nuna masa layukan. "Sun yi ta tambaya, Kawu. Akwai na kusa? Akwai na kusa? Wani har ya nemo tsohuwar lambar wayarsa, ba ta shiga ba."

Ta gangara da yatsanta zuwa wani layin.

"Sha biyu da minti ashirin. Wani ya ce, har yanzu ina jin numfashinsa." Nan muryarta ta karye. "Awa ɗaya da rabi. Ga asibiti nan bayan layi."

Ta juyo, babu zargi ko kaɗan a fuskarta, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

"Kai ba ka ji komai ba, Kawu?"

"Keken nan ƙara gare shi, 'yata," ya ce. Ya ji ƙaryar ta fita sumul, ya tsani bakinsa.

Ta gyaɗa kai, ta koma gefen gadon ta zauna. Wani sabon layi ya faɗo a kan allon, ba wanda ya karanta. Tela ya sunkuya ya ɗauki tabarau ɗin, ya goge shi da bakin rigarsa, ya tsaya riƙe da shi a tsakiyar ɗakin, ya rasa inda zai ajiye.