Awa Ɗayan Baba

Babanmu mai gyaran famfo ne, kuma duk wanda ya taɓa jiransa ya san agogonsa daban yake da na jama'a. In ya ce maka ga shi nan tafe, gara ka je ka roƙi ruwa a maƙwabta. Shi ya sa da likita ta tambaye shi tun yaushe ƙirjinsa ya fara ciwo, ya ce awa ɗaya ke nan, ni da Mama muka kalli juna.

Yana kwance a gadon asibiti, gumi ya jiƙe masa riga, an manna masa wayoyi a ƙirji, amma bakin nan bai mutu ba. Likitar, wata siririya mai tabarau, a tsaye ta yi mana bayani. Jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, yanzu za su zura siririn bututu ta hannunsa su buɗe ta. Sai dai wani lokaci a buɗe babbar hanyar, jinin ya ƙi ratsa ƙananan jijiyoyin da ke gaba, zuciyar ta ci gaba da wahala. Tana da lissafin da take hasashen haka da shi: shekarun mutum, sukarinsa, da awannin da ya ɓata a gida. In lissafin ya hau, za ta shiga da shiri na daban, magani a hannu.

Baba ya ce ai wannan aikinsa ne, datti ne ke gangarawa ya cushe ƙananan bututu. Har ya fara ba ta shawara. Ta ce ta gode, amma ita lokacin take so.

"Awa ɗaya," in ji Baba.

"Tun bakwai na safe," in ji Mama. A lokacin ƙarfe biyu na rana ta gota.

Ta jero hujjojinta tiryan-tiryan. Shayinsa rabi ya sha. Bai yi wa mai karanta labarai a rediyo gardama ba. Jakar kayan aiki kuma sau biyu yana ɗauka yana ajiyewa. Baba ya rufe ido, ya ce ashe shekara talatin da biyar da ɗan sanda yake zaune a gida. Likitar dai ta soke abin da ta rubuta, ta sake wani, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya wani abu da sauri, aka tura shi ciki.

Mun fi awa a kan benci. Ni tsoro ya hana ni ko buɗe waya. Da likitar ta fito ta ce abin da ta yi hasashe ya faru: an buɗe jijiyar, jinin ya tsaya yana jan ƙafa, amma da yake maganin na kusa, nan take aka ba shi, jinin ya samu hanya. Ta ce Mama ta taimaka ƙwarai.

Na rungume Mama ina dariya, ina cewa yau ita ce gwanar gida. Ba ta yi dariyar ba. Gefen mayafinta take ta murzawa.

"Tun bakwai ɗin na gani," ta ce. "Na yi shiru ina jira ya faɗa da bakinsa, don kar ya ce na cika ɗaga hankali. Awa bakwai ina wanke-wanke ina satar kallonsa."