Fankar Zuhra Ta Ƙi Lamba Ɗaya

Fankar Zuhra ta girmi aurenta, don uwar mijinta ce ta bar mata ita. A lamba uku gudu take kamar za ta tashi sama, a biyu da ƙyar, a ɗaya kuwa sai gurnani, fukafukan ko motsi. Da can Zuhra ba ta damu ba. To yanzu ga jaririya Anisa, kwana goma sha biyu a duniya, ga zafin bazara na Matameye. In an sa uku yarinya ta kama atishawa, in an kashe ƙurajen zafi su feso mata a wuya, ta yini tana tsala kuka. Maigidan kuma yana Kano cin rani.

Mai jego ba ta fita, sai ta kira wanta Sha'aibu, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya zo bayan azahar, ya kwance bayan fankar, ya shafa sandar da ke juya fukafukan. Yatsansa ya manne. Ya sansana.

"Ke Zuhra, me kike zuba mata?"

"Man gyaɗa mana, Yaya. Wanda na matse da hannuna. Duk Juma'a sai na ɗiga mata."

"Kai! Fanka ce ko ƙosai?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Man gyaɗa in ya sha zafi da ƙura, danƙo yake zama. Kin ga a lamba uku wuta kai tsaye take shiga da ƙarfinta, ta ja ko da dole. A ɗaya sai ta zagaya doguwar waya, ta iso a gajiye. Shi ya sa in sanda ta cije, ɗaya ce ke fara mutuwa."

Kunya ta kama Zuhra, da haushin kanta. Shekara biyu tana ganin gata take yi wa fankar, ashe ita ke shaƙe ta, ga 'yarta na shan wahalar.

Sha'aibu ya wanke sandar da kananzir har ta yi ƙyalli, ya ɗiga man keken ɗinki sau biyu, ya goge fukafukan, ya mayar. Ya danna ɗaya. Fankar ta yi jim, sannan ta soma juyawa a hankali, ba ƙara.

Ya buɗe baki zai ci gaba da tsiya, Zuhra ta ɗaga masa hannu.

"Yaya, don Allah yi shiru."

Anisa ta yi barci, karon farko tun asuba.