Masu Rakiyar Malam Szeto

"Ko su, ko ni, Yuk-lan. Ba zan ci shinkafa waɗannan na kallon bakina ba."

Tsoho Tsang ke nan, yana nuna mutanen takarda arba'in da matarsa ta jera a kan gado da saman firji, irin waɗanda ake ƙona wa mamaci. Ita ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta ƙara musu gira da tawada.

Maƙwabcinsu Malam Szeto ne ya jawo. Shekara hamsin ya yi a bakin kasuwar Yau Ma Tei yana buga wa mutane wasiƙun Turanci zuwa ga hukuma. Shi ba ya rubuta "da yawa" kamar kowa. Yana da wata jimla tasa ta manyan ofisoshi, mai nufin ɗimbin da ya wuce ƙirge, ko ƙarar kyankyasai aka kawo sai ya saka ta.

Saura kwana uku ya rasu, ya kira Yuk-lan ya ba ta wasiƙa zuwa ga 'yarsa da ke Kanada, wadda rabonta da gida shekara tara, kuma ba ni na faɗa ba. Ya fassara mata da bakinsa: ɗimbin jama'a sun raka gawarsa. Ya ce a aika bayan an gama, kada yarinyar ta sa abin a ranta.

Su uku suka je jana'izar. Ita, Tsang, da mai gadin bene, shi ma don ya ji akwai abinci.

Tun ranar wasiƙar ke aljihunta. Ba ta iya aika ƙarya da sunan mamaci, ba ta kuma iya yaga ta. Da rana tsaka in ta gifta ƙofarsa, sai ta ji kamar an yi gyaran murya a ciki.

Tsang ya ce ta jefa a gidan waya kawai, yarinyar ba ƙirgawa za ta yi ba.

"Ita ba za ta ƙirga ba, tsoho. Shi fa? Gobe kwana bakwai da rasuwarsa. In ƙona masa su, su raka shi, sannan in aika." Ta dubi jerin. "Arba'in ya kai ɗimbi, ko in ƙaro?"

Tsang ya zari hularsa ya fita, ya bugo ƙofa. Iskar ta bi ta kansu, duk arba'in ɗin suka sunkuyar da kai lokaci guda, sannan a hankali suka ɗago.