Ƙusar da Aka Tanadar Mini

Mafarkin da na yi jiya da dare, da ƙin bin umarni ya fara, kuma ni ce na ƙi.

Ina tsaye a ɗakin jarirai na wani asibiti. Shugabar ma'aikatan jinya, Hajiya Kubura, akuya ce, da farar hula tsakanin ƙahonninta. Ban yi mamaki ba. Ta nuna wata mai jego, Ladingo, wadda na ɗaure wa bakwaininta a ƙirji, fata da fata, don ya ji ɗumi.

"Sista Hansatu, kwance yaron nan ki mayar da shi kwalba."

"Ba zan kwance ba, Hajiya. Kwalbar babu wuta. Kifi ma ke iyo a ciki."

"Tun ba a haife ki ba a kwalba ake sa su."

"Ku kuka tura ni karatun bincike. Abin da na gano ke nan, ƙirjin uwa na raya su."

Ta ɗan tauni labule. "Mun ce ki je ki karanta. Wa ya ce ki taho da shi?"

Sai ga mu a ofishinta. Ruwan sama na tashi daga siminti yana shigewa rufi, don haka kowa lemarsa a ƙarƙashin ƙafa take. A bango an rataye nas-nas a ƙusoshi ta wuyan riga, duk waɗanda suka yi karatu irin nawa. Wasu zabi cikin manyan riguna suna ɗaukar su hoto suna yaba asibitin.

"Ga ƙusarki," in ji Hajiya. "Muna alfahari da ke."

Balaraba, ƙawata ta makaranta, ta leƙo daga sama inda take rataye. "Hau kawai, ƙawas. Babu zafi. Ƙafa ce dai ba ta taɓa ƙasa."

"Marasa lafiyar fa?"

"Ana ba mu labarinsu."

Na juya na fita. Barandar ta riƙa tafiya baya ina tafiya gaba. Da na isa, gadon Ladingo ya tashi har kusa da fanka, tana riƙe da ƙullin zane.

"Malama, na rasa gane kanku. Ke kin ce ɗaura, ita ta ce kwance. Wa zan bi?"

Na taka iska na hau. Na sa hannu a bayan yaron. Da ɗuminsa, yana numfashi. Na ƙara ƙulli, na riƙe da hannu biyu, Hajiya na ƙasa tana cin takalmina a natse.

Ƙarar bokitin maƙwabciya a bakin famfo ta tashe ni. Na yi salla, na goge farar rigata. Tun ranar da na ƙi raba wani bakwaini da ƙirjin uwarsa a ido biyu, ɗakin ninke zannuwan gado aka mayar da ni, abokan aiki kuma sai sun waiga suke gaishe ni. Yaron ya tafi gida da ransa. Labari na ji, domin an hana ni shiga ɗakin jarirai.